Adakar Malam da Masu Ƙona Littattafai



Bayan babbar sallar da ta wuce, wasu samari biyu suka sauke wata tsohuwar adakar ƙarfe a zauren dattijon da muke yi wa aikin magatakarda a nan Malanbil. Ta kakansu ce, wani malami da ya daɗe da rasuwa. Za a raba gado, a rushe ɗakin da take ciki a yi shaguna. Babban ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, takardun Malam ne. Babu mai iya karanta su a gidan, gara ta fara ci, ruwa ma ya taɓa wasu. Muna gudun kada sunan Allah ya wulaƙanta a hannunmu, shi ya sa muka zo neman izini a ƙona su, a binne tokar." Dattijo ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Ku bar ta nan tukuna." Ya dube mu ya ce a duba.

Babu wanda zai ce yaran nan sun faɗi abin da ya saɓa wa tarbiyyar da aka yi musu. Haka muka tashi muka ga ana yi: takardar da ke ɗauke da aya, in ta tsufa ta ruɓe, ko a ƙona ta, ko a binne ta a wuri mai tsarki, ko a ba kogi. Sai dai a kwanakin ne wani ɗanmu da ke karatu a jami'ar Paraku ya zo hutu da wani ƙagaggen labari a fassarar Faransanci, yana karanta mana da dare yana juyawa zuwa Hausa. Adaka na gefe guda, labarin na shiga kunnenmu, har muka kasa raba su a zuciya.

Sunan littafin Fahrenheit 451, wani Ba'amurke mai suna Ray Bradbury ya wallafa shi a 1953. Lambar da ke cikin sunan ma'aunin zafi ce, wadda marubucin ya ɗauka a matsayin zafin da takarda ke kamawa da wuta, kimanin digiri 233 ke nan a ma'aunin da muka saba ji a rediyo. Ya ƙaga wata ƙasa da aka haramta mallakar littafi, inda 'yan kwana-kwana suka bar kashe gobara suka koma cinna ta: duk gidan da aka tsegunta akwai littafi, su je su zuba kananzir. Ya rubuta shi shekara ashirin bayan ɗaliban Jamus sun tara littattafai sun ƙona a dandalin Balin ranar 10 ga Mayu, 1933, kuma a daidai lokacin da ake farautar marubuta a Amurka da zargin gurguzanci. Jarumin, Montag, ɗan kwana-kwana ne mai jin daɗin aikinsa, har ranar da wata tsohuwa ta ƙi fita daga gidanta, ta ƙyasta ashana da hannunta, ta ƙone tare da littattafanta. A gidan nan ya saci ɗaya daga cikin littattafan da aka aike shi ya ƙona.

Littafin cike yake da alamu, ɗanmu kuwa ya haddace su kamar yadda malamansu suka koya musu. A jikin rigar ma'aikatan akwai hoton wata halitta mai kama da tsaka, wadda Turawan da suka ɗauka tana rayuwa cikin wuta ba ta ƙonewa, da na tsuntsun almara mai ƙona kansa ya sake tashi daga tokarsa, wanda Larabawa kan fassara da Anƙa'u. Akwai rariya da rairayi: Montag yana yaro aka yaudare shi da 'yan kuɗi ya cika rariya da yashi, yana zubawa tana tsiyayewa, haka kuma karatu ya riƙa zube masa sa'ad da ya so ya haddace shi cikin hayaniyar talla. Wannan ta ba mu dariya, domin tsohon sunan garinmu a bakin Dandawa Tassi ne, wato yashi, kafin Faransawa su laƙaba masa sunan gwamnansu Henri Malan. A ƙarshe akwai kogi, wanda Montag ya faɗa ciki ya tsere wa birni, ya tarar da wasu mutane a daji zaune a bakin wuta suna jin ɗumi. Kowane ɗaya daga cikinsu ya haddace littafi ko wani sashe nasa, yana jiran ranar da za a sake rubutawa.

A wurin Bradbury wuta iri biyu ce, mai ci da mai ɗumi. Mu muna da ta uku wadda bai sa a lissafi ba, ita ce wutar ladabi, kuma asalinta na can farkon tarihinmu. Lokacin da Huzaifa ɗan Yamani ya dawo daga yaƙin Armeniya da Azarbaijan ya gaya wa Sayyidina Usmanu cewa mayaƙa na jayayya a kan karatun Alƙur'ani, Halifa ya aika aka karɓo takardun da ke wurin Nana Hafsatu, ya sa Zaidu ɗan Sabitu da wasu Ƙuraishawa uku suka kwafa, aka aika wa manyan birane, sannan ya yi umarni a ƙona sauran rubuce-rubucen da ke hannun mutane. Abdullahi ɗan Mas'udu bai ji daɗin hukuncin ba, amma al'umma ta haɗu a kan cewa wutar nan ta tsare Littafi. Tun daga ranar Musulmi ya san ana iya cinna wa takarda wuta don girmama abin da ke cikinta. A nan haɗarin yake a ganinmu, domin duk wanda ya zo daga baya da ashana a hannu yakan ɗauka wutarsa jikar ta Usmanu ce.

A shekarar 1109, a harabar babban masallacin Ƙurɗuba, aka ƙona Ihya'u Ulumiddini na Imamu Gazali bisa umarnin sarkin Murabiɗuna, Aliyu ɗan Yusufu ɗan Tashfin, da fatawar alƙalan Malikiyya, mazhabarmu. Ba a cika shekara ɗari ba sai ga sarkin Muwahhiduna, Yaƙubu Almansur, ya sa ana tara littattafan fiƙihun Malikiyya a Fas ana ƙonawa, har da Mudawwana ta Sahnunu da Nawadir na Ibnu Abi Zaidi, mai Risalar da muka karanta a zaure muna yara. Yau Ihya'u da Mudawwana suna jere a kanta ɗaya a shagunan Kurmi.

Sai mu dawo gida, inda maganar ta fi nauyi a baki.

'Yandoto, kusa da Tsafe ta jihar Zamfara a yau, gari ne na malamai a kudancin ƙasar Katsina tun kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ana zuwa can neman ilimi daga nesa. Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804 jihadi ya kankama, da yawa daga malaman garin ba su yarda da hujjar Shehu ta yaƙar sarakunan Hausa ba, kuma ba su ɓoye ba. Ba a jima ba Muhammadu Bello ya iso da runduna. Ya nemi a zauna a yi muƙabala, suka ƙi, aka ci garin, malamansa suka watse.

Abin da ya biyo baya mun same shi ne daga alƙalamin Bello kansa, a Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, inda ya adana wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Barno. Cikin tuhumar da Elkanemi ya jera wa masu jihadi akwai ta lalata littattafai: ya ce suna watsa su a kan hanya, suna jefa su cikin ƙazanta, alhali sunan Allah na ciki, ga su kuma suna kafirta wasu a kan abin da bai kai wannan ba. Bello bai musanta cewa abin ya faru ba. Ya ba da labarin yadda ya ga iska na kwasar takardu tana zubarwa a ƙasa bayan cin wani gari na Katsina, yadda ya bi yana tsinta har ya gaji saboda yawansu, ya wuni cikin ɓacin rai, ya tara jama'a ya tsawatar, aka ce masa rigimar ganima ce ta jawo. Masana tarihi sun tafi a kan cewa 'Yandoto yake nufi.

Mun daɗe muna juya wannan hoto a zuciya: ɗan Shehu, wanda shi kansa ya wallafa littattafai masu ɗimbin yawa, sunkuye a cikin ƙura yana bin takardun abokan jayayyarsa. Muna ganin gaskiya ya faɗa, kuma ya cancanci yabo da bai share tuhumar daga littafinsa ba, ga shi da ikon sharewa. Amma yabon ba ya dawo da abin da iska ta kwashe. Hujjojin Shehu da Abdullahin Gwandu da Bello suna nan, an kwafa, an buga, an fassara. Hujjar malaman 'Yandoto kuwa, yawancin abin da ya iso mana daga gare ta ta bakin waɗanda suka ci su da yaƙi ya biyo. Wanda ke ƙaunar Shehu, kamar yadda muke ƙaunarsa, shi ya fi kowa asara a nan, domin ba a sanin ƙarfin amsa sai an ji tambayar daga bakin mai ita.

Bradbury ya hango wani ɓangare na wannan. Shugaban 'yan kwana-kwanan labarinsa, Beatty, ya fi kowa a littafin karatu, yana jawo maganganun magabata da ka yana dukan Montag da su. Jahili ba ya sanin wane littafi ne zai ƙona.

Shekara ɗari biyu bayan 'Yandoto, a watan Mayun 2007, gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona littattafan hikaya na Hausa da aka ƙwace daga hannun ɗalibai, a wata makarantar sakandaren 'yan mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Hujjar ita ce suna ɓata tarbiyya. Gwamnan tsohon malamin makaranta ne, ya koyar da lissafi, ya shugabanci makarantu. A shekarar da ta biyo baya Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta matsa wa marubuta su yi rajista su kawo rubutunsu a duba, aka yi ta kai ruwa rana. Ba za mu yi munafunci ba: da yawa daga cikinmu a nan mun yi na'am da labarin sa'ad da muka ji shi a rediyo. Irin waɗannan littattafai suna biyo 'yan kasuwa ta Kamba da Gaya su iso kasuwarmu, mun kuma sha ƙwace su daga ƙarƙashin matashin 'ya'yanmu. Wasunsu lalle ba su da abin yabo. Sai dai a cikin wannan adabin ne Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, ta faɗi abin da matan aure ke haɗiyewa a kan auren dole da sakin wulaƙanci, kuma a ƙasa irin tamu da boko ke tafiya da Faransanci, akwai matan da ba su koyi karanta harshensu ba sai ta wannan hanya. Toka ba ta bambance mai kyau da maras kyau. Labaran kuwa ba su mutu ba, sun bar takarda sun shige waya, suna yawo a WhatsApp da Facebook, inda uba ba ya iya ɗaga matashi ya gani.

Kogin da Montag ya faɗa ciki alama ce a takarda. Namu kuwa ga shi nan yana wucewa tsakaninmu da Gaya, kuma ya taɓa ɗaukar littattafai da gaske. Da sojojin Maroko suka karya Songhai a Tondibi a 1591, nan ƙasar Dandi ragowar Askiyoyi suka gangaro suka ci gaba da turjiya. Bayan 'yan shekaru aka kama Ahmad Baba na Tambutu aka kai shi Marrakesh, aka wawushe littattafansa, waɗanda ya ce sun kai 1,600, kuma shi ne mafi ƙarancin littattafai a danginsa. A watan Janairun 2013, masu ɗauke da makamai da suka riƙe Tambutu tun 2012 suka cinna wuta a cibiyar da ke ɗauke da sunan wannan malami kafin su gudu daga sojojin Faransa da na Mali. Kimanin rubuce-rubucen hannu 4,200 suka salwanta, a hannun mutanen da ke cewa shari'a suka zo tsayarwa. Duniya ta ɗauka komai ya ƙone. Ashe Abdulƙadir Haidara da iyalan da ke da ɗakunan karatu na gado sun riga sun yi watanni suna cusa littattafai a adakokin ƙarfe irin wadda ke zaurenmu, suna fitar da su da mota, da hanya ta toshe kuma suka koma jiragen ruwa a kan Kwara. Fiye da 300,000 suka isa Bamako. Can kuma sai wani abokin gaba ya tare su, wato laima, domin takardar da ta saba da busasshiyar iskar sahara ba ta jure damina ta kudu.

Saura alamar ƙarshe, wadda ɗanmu ya fi so: mutanen da suka mayar da ƙirazansu littattafai. Ya ce malamansu na kiran wannan mafarki mai daɗi. Muka ce masa ya leƙa tsangayar bayan gida da asuba. Abin da Bature ya ƙaga a matsayin abin mamaki, mu alaramma muke ce masa, yana zaune a kan buzu yana satu da tilawa, in an ba shi tawada da takarda ya rubuta izu sittin da ka. Har wutar da Montag ya tarar ana kewaye da ita muna da irinta, ita ce ta karan dawa da almajirai ke karatu a haskenta. Saboda mun san hadda daga ciki ne muka san iyakarta. A yaƙin Yamama mahaddata suka faɗi da yawa, har Sayyidina Umaru ya je wa Sayyidina Abubakar da shawarar a tattara Alƙur'ani a rubuce tun kafin ya tafi da tafiyar masu shi. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, jama'ar Shehu ta rasa kimanin mutum 2,000, kuma an ruwaito cewa wajen 200 daga cikinsu mahaddata ne. Rana ɗaya ke nan. Alƙur'ani Allah ya yi alkawarin tsare shi, dubban dubbai kuma na ɗauke da shi. Wa zai haddace wasiƙar fatake, ko sharhin da wani malamin ƙauye ya yi a gefen Risala?

Abin da ya fi tsaya mana a rai daga littafin ma ba wutar ba ce. Beatty ya gaya wa Montag cewa doka daga baya ta zo: mutane ne da kansu suka fara barin karatu, suka fi son gajeren abu mai sauri, kowane rukuni kuma ya nemi a cire abin da ke ɓata masa rai, har 'yan kwana-kwana suka zo suka tarar aiki ya kusa ƙarewa. Littafin da kansa bai tsira ba. Daga 1967 kamfanin da ke buga shi ya fitar da bugu na makarantu wanda aka cire wa kalmomin da ake ganin ba su dace da yara ba, aka yi shekaru fiye da goma ana sayarwa kafin marubucin ya farga. Babu ashana ko ɗaya a wannan aiki.

Samarin da suka kawo adaka ba jahilai ba ne. Babban yana rubuta Faransanci, yana cike takardun duwan wa 'yan kasuwa; ƙaramin ya sauke Alƙur'ani, yana karanta Larabcin bugun Misira ba gargada. Rubutun kakansu ne ya gagare su, mai wasali irin na Warshu, da fa'un da ake ɗiga wa a ƙasa, da ajamin da ya cakuɗa Hausa da Larabci a layi ɗaya. Tsakanin jika da kaka aka sauya haruffa, ba wanda ya hana kowa komai.

Kwana tara muka yi muna ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya. Akwai Ishiriniya cikakkiya. Akwai Risala da aka cika gefunanta da fassarar kalmomi cikin ajami. Akwai wasiƙu a kan goro da bashi tsakanin Malam da wani ɗan'uwansa a hanyar Gwanja, da takardar haraji ta zamanin Faransawa da aka juya bayanta aka rubuta maganin ciwon ido. Akwai warƙa guda da ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da garuruwansu, daga Gwandu zuwa Sayi, wadda jikokinsa ba su taɓa jin ko suna ɗaya daga ciki ba. Akwai kuma wata doguwar waƙa ta Hausa a kan wata shekarar yunwa, da hannu mai wuyar karantawa, wadda muka iya fitar da kamar sulusinta.

A can ƙasan adakar kuwa, inda ruwan ambaliya ya taɓa kwanciya, takardu sun manne sun zama curi guda kamar tubali, tawada ta narke, gara ta huda ta ko'ina. A saman curin ana iya gane ayoyi. Muka gwada rabawa da bakin wuƙa, yana marmashewa a hannu. Dattijo ya ce a yi masa abin da ya dace. Bayan la'asar muka haƙa rami a bayan masallaci, kuma mu da muka rubuta duk abin da kuka karanta a sama, mu muka ƙyasta ashanar. Kaurin curin ya kai tsawon yatsa, warƙar sama kaɗai muka karanta.

Sauran ɗanmu ya ɗauki hotonsu da waya kafin ya koma Paraku. Babban jikan ya karɓi adakarsa, ya ce za ta yi masa amfani a shago. Waƙar ce ta rage. An kwatanta mana wani tsoho a Gaya da ya yi karatu a hannun Malam yana yaro, ya san hannunsa, sai dai idonsa ya fara rauni. Bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 ƙetare gada ya zama aiki, mutane suka koma shiga kwalekwale. Mun naɗe warƙoƙin cikin leda biyu mun sa a gafaka, ranar Alhamis in Allah ya kai mu za mu sauka bakin ruwa da sassafe.